Ƙwai a Cikin Namijin Kifi

Likitar dabbobin ta tsaga cikin kifin, ta ja dogon tsaki. Wannan ma namiji ne, ga ƙwai danƙare a cikinsa.

"Yaya, 'yata?" in ji tsohon da ke tsaye a bakin ƙofa. Ma'aikatan ɗakin gwajin Mai Bokiti suke ce masa, don kullum da bokitin kifi yake zuwa.

"Kamar na wancan makon ne, Baba."

Ta yi masa bayanin har bakinta ya gaji. Akwai wani sinadari a ruwan kogin da jikin kifi ke ɗauka tamkar sinadarin mace. Kifi na ƙarami zai sha shi, ya tashi shi ba namiji ba, shi ba mace ba, ya kasa ba da iri. Masunta sun daina ganin 'ya'yan kifi a taru. Wasu har sun jingine kwale-kwale.

Kowa ya san masana'antar robar da ke saman kogin. Amma duk ranar da jami'an duba muhalli suka je, sai su tarar da ruwa tas, kamar a cika tulu. Su sha lemo, su dawo su ce mata ta ƙara bincike.

Shi kuma tsohon ya hana ta sakat. Bai ma iya bambance tarwaɗa da ƙarfasa ba, sai an gyara masa. In ƙaya ta soke shi, ya dinga yarfe hannu ke nan. Ta ɗauka tsufa ne.

"Baba, ka turo 'ya'yanka mana, ka huta."

"'Ya'yana ba sa jin magana," ya ce, yana kakkaɓe riga. "Ki bar bin babbar magudana. Akwai wani tsohon bututu a bayan katangar masana'antar, ciyawa ta rufe shi. Can za ki ɗebo."

Ta je, ta ɗebo, takalminta ɗaya ya zauna a taɓo. Da sakamakon ya fito sai da ta sake gwajin, don yawan sinadarin ya sa ta zaci na'urar ce ta lalace.

Hukuma ta kira zama a ofishin masana'antar. Manajan, wani matashi mai yawan murmushi, ya ture rahotonta gefe da ɗan yatsa.

"Likita, babu wannan bututun a taswirarmu. Ina muka sani ko daga kwatar gidanku kika ɗebo? Wa ya nuna miki wurin?"

Jami'an suka fara tattara takardu. Ba ta san sunan mutumin ba, balle gidansa. Ta ce musu me, wani tsoho mai bokiti?

Sai aka turo ƙofa. Mai Bokiti ne, yana haki. Mai gadin masana'antar, wanda ya so hana ta shiga ɗazu, yana biye da shi, hula a hannu.

Murmushin manajan ya ɗauke. Ya miƙe tsaye.

"Haba Baba, ba mun ce ka zauna a gida ba? Masana'antar da ka gina da hannunka kake so a rufe?"