Mai Walda da Albashin Hayin Teku

Tunda ka zo mini da zancen albashin can da na nan, gyara zama in ba ka misali.

An yi wani mai walda da ke da rumfa a bakin titi, da injinsa da ɗan janareta. Ƙyauren ƙarfe da tagogi yake haɗawa, kuma hannunsa na da kyau, har daga ƙauyuka ake kawo masa aiki. Bai tara ba, amma ba a taɓa wuni ba a ɗora tukunya a gidansa ba. Ana nan sai wani abokinsa da suka koyi sana'a tare, wanda ya ƙetare teku zuwa wata ƙasa mai arziki, ya kira shi a waya. Cikin hira ya faɗi abin da ake biyansa a mako. Mai walda ya juya kuɗin zuwa na gida a ransa, ya ga abin da shi yake shan tartsatsi wata biyu kafin ya samu ke nan. Tun daga ranar zama ya gagare shi. In ya gama ƙyaure aka biya shi, sai ya dubi kuɗin ya yi tsaki, ya ce a can wannan aikin hantsi ne. In aka ɗauke wuta yana tsakar aiki, sai ya yar da komai ya hau kai-komo a bakin titi kamar mai jiran baƙo. Tuwon matarsa bai canza ba, amma ya daina yi masa daɗi. Har ɗan canjin kasuwa ya saba da fuskarsa, don kullum sai ya biya ya tambayi farashi, alhali ba shi da ko sisin da zai canza. Kafin damina ta zagayo ya sayar da injin da janareta da ɗan filin da ya gada, ya yi takardu, ya tafi.

Abokin bai yi masa ƙarya ba. Albashin na nan yadda aka faɗa, ba a jinkirta shi ko da kwana ɗaya. Wuta ba ta ƙiftawa, ruwa na zuwa har ɗaki, ranar da ƙarfe ya yanke shi aka ɗinke hannun a asibiti ba wanda ya ce ya je ya sayo allura. Sai dai kuɗin na da masu jiransa tun kafin ya taɓa su. Hukuma ta cire nata. Mai gidan haya ya karɓi kusan rabi, a kan ɗakin da suke su biyar, gado bisa gado. Jirgin ƙasan da ke kai shi aiki ya ci nasa, sanyi ma sai an biya kafin a kore shi daga ɗaki. Ranar da ya fara shiga kanti ya ɗauki albasa uku, ya juya farashinsu zuwa kuɗin gida, ya ga cefanen iyalinsa na kwana biyu ne. A hankali ya mayar da su. Lissafin da ya hana shi zama a gida ya biyo shi ya hana shi ci, ya koma shayi da burodi, wando na zame masa. Mutumin da a da yake rufe rumfa in ya ga dama ya tafi suna ko jana'iza, yanzu sai ya duba agogo kafin ya yi salla. A wurin aiki ya ji rasuwar baffansa. Ya share ido da bayan hannu, ya koma kan ƙarfe.

Ɗan abin da ya rage yakan tura gida, in ya isa kuwa sai ya kumbura. Yara suka koma makarantar kuɗi, aka haƙa rijiya a tsakar gida, unguwa ta ɗauka cewa ya yi arziki. Shi kuwa ranar hutu ɗakin ba ya zaunuwa. Sai ya fita ya yi ta bin titi har ƙafa ta gaji, yana duban ƙyauren gidajen mutane, ba wanda ya san sunansa balle ya gaishe shi.

A irin wannan yawo ne ƙanin matarsa, malamin firamare, ya kira shi.

"Yaya, ni fa zan ajiye aikin nan. Albashina na wata bai kai naka na kwana uku ba. Ka nema mini hanya."

Mai walda ya tsaya a gindin wata fitilar titi ya zayyana masa komai, bai rage ba: hayar, sanyin, albasar, baffan da bai samu jana'izarsa ba. Malamin ya saurara har ƙarshe.

"To Yaya, in haka abin yake, me ya hana ka dawowa?"

Mai walda ya auna abin a ransa. In ya koma, ba rumfa ba inji, yara kuma sai sun bar makarantar da suka fara sabawa da ita. In ya zauna, shekaru na tafiya, 'yar autarsa a waya kawai ta san muryarsa. Ya ce, "Ka gaida gida," ya kashe wayar, ya ci gaba da tafiya ba tare da ya san inda ya nufa ba.

To kai ma da kake juya albashin wani zuwa kuɗin garinku, adadin kawai ka ji, ba ka kwana inda yake kwana ba. Shi ya sa Hausawa suka ce, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.