Lissafi a Bakin Almakashi

Ranar Laraba ana yayyafi, 'yar mai ɗinki ta jefar da jakarta kan keken ɗinkin.

"Umma, na bar makaranta. Lissafi ya fi ƙarfina."

Uwar ba ta taɓa zama a aji ba, amma ta leƙa littafin lissafin. "Wannan lambar da ta hau kan 'yar'uwarta fa?"

"Ɗaya bisa uku, a tara da ɗaya bisa shida."

"Au, rabo ne?" Ta jawo yadi, ta yanka shi gida shida. "Biyu ne ɗaya bisa ukunki. Ƙara ɗaya. Rabi kenan, sarkin kuka."

Yarinyar ta ƙura ido, ta karɓe almakashin. "Miƙo wani."

Sai da shafin ya ƙare uwar ta duba abin da suka yayyanka. Asarar ranar: yadi huɗu na mutane, da kwastoma biyu.