Kifi a Lambun Tihomir

Da Tihomir Vlaykov ya ajiye aikin tuƙin jirgin ƙasa, sai ya bar birnin Plovdiv ya sayi gida a sabuwar unguwar da wani mai suna Arnaudov ya yanka a ƙarƙashin tsohuwar madatsar ruwan ƙauye. Gidansa ne na farko a gindin ganuwar madatsar. In ya ɗaga kai daga lambu, tudun ƙasa yake gani ya tokare sama, tafki guda kwance a bayansa.

Tun da ya tare suke rigima da Arnaudov a kan wani zirin fili tsakanin shingensa da ganuwar. Shi ya ce har da zirin aka nuna masa, Arnaudov ya ce ba a yi haka da shi ba.

A zirin nan ruwa ya fara tsattsafowa. Da fari garai-garai, har matarsa Nevyana tana murna tattasanta ya sami ban-ruwa kyauta. Da kaka ta kama, ruwan ya koma launin ƙasa. Tihomir ya hau ya duba, ya tarar an tare mafitar da rarar ruwa ke bi da ragar ƙarfe. Ashe Arnaudov ya zuba kifi a tafkin, ya yi wa kowane gida alkawarin ƙaton kifi na bikin Nikulden, wanda ake cin kifi a cikinsa, ba ya son ko ɗaya ya tsere. Ganye da rassa sun toshe ragar ruf.

Tihomir ya yi barazanar kai ƙara hukuma. Washegari sai ga Arnaudov da kwalbar barasar da suke kira rakiya a hannu.

"Haba dattijo Tihomir, kai da ka ja jirgi shekara da shekaru, ɗan ruwan da kaza za ta shanye ne zai tsorata ka? Matsar da shingenka, zirin ya zama naka. Amma ka bar zancen ruwan nan, ina da fegin da ban sayar ba."

Nevyana ta ce masa, "Tiho, ganuwar ce fa ke narkewa a lambunmu." Ya ce ta ji da gashin tattasanta, shi zai ji da ganuwa. A ranar ya matsar da shinge.

Maƙwabta sun lura tafkin ya cika fiye da kima, suka taru. Zlatka, gwauruwar da gidanta ke ƙasa da nasa, ta tambaye shi ko ya ga wata alama, tunda shi ne mafi kusa. Ya ce lambunsa a bushe yake kamar maƙogwaronsa. Aka yi dariya, aka watse, maganar ƙara ta mutu.

Jama'a, ruwa ba a ba shi toshiyar baki.

Ana dab da biki sama ta ɓalle, kwana da kwanaki. Wata safiya da ta ɗan tsagaita, Tihomir da matarsa suka hau tudu sayen burodi. Daga can ya ji wani rugugi, irin wanda ya sani na jirgi a kan gada, amma wannan daga cikin ƙasa yake fitowa. Ya juya. Ganuwar ta tsage a hankali, daidai saitin zirinsa, sai tafkin ya miƙe tsaye. Abin da suka saba gani shimfiɗe kamar madubi ya zama bango ja mai tafiya. Bishiyoyi suka durƙusa masa. Ruwan ya ɗauki gidan Tihomir kamar kwandon da babu komai ciki, ya juya shi, ya haɗiye. Mutanen kan tudu babu wanda ya yi ihu. Tsofaffi suka cire huluna, ba su ma san sun cire ba.

Zlatka tana ɗakin ƙasa tana jera kabeji a ganga. Ba ta fito ba.

Da ruwa ya janye, Tihomir ya gangara neman zirinsa. Kwari ya tarar, cike da laka, manyan kifayen Arnaudov suna ta mutsu-mutsu a ciki, sun isa kowane gida. Sai dai babu gidajen. Ya tsaya a wurin har ƙafafunsa suka nutse. Nevyana ta juya masa baya ta koma tudu, kuma da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Mai karatu, in ka ga alamar haɗarin da ya shafi jama'a, faɗarta wajibi ce a kanka. Wanda ya sayar da shirunsa don taku kaɗan na ƙasa, da ran maƙwabcinsa ya biya, ƙasar ma ba za ta zauna a hannunsa ba.