Ɗaurin Shanu a Kan Ruwa

Alhaji Jelani mahauci ne ɗan mahauci, kuma duk Ƙofar Marke an san shi da abu biyu: nama mai kyau da "ai na sani". A bayan Kalambaina yake da garken kiwo da ɗakin sanyi mai firiza huɗu, inda masu gidajen abinci ke sarin nama. Farantan sola goma sha biyu ne ke riƙe da firizojin nan, don wutar gwamnati ko hanyar wurin ba ta sani ba.

Damuwarsa ɗaya, zafin Sakkwato. Da rana ta take sai farantan su ɗau zafi kamar tukubar tsire, wuta ta ragu, firiza ta kama nishi.

Rannan Sadiyatu, ɗiyar ƙanwarsa da ta karanci aikin lantarki, ta zo gaishe shi, ya kai mata kuka.

Ta ce, "Kawu, ƙasashe da dama yanzu bisa tafki suke aza su. Ruwa ya sanyaya su wuta ta ƙaru, su kuma su yi wa ruwan inuwa kada rana ta shanye shi. Ga kududdufinka nan bakin garke. Amma ka bari in dawo daga aikin da anka tura ni, in auna inda ruwa ke kaiwa da damina. Kuma igiyarsu sai an yi mata talala."

"Awo, awo," in ji Alhaji yana gyaɗa kai. Rabin farko kawai ya ji, sauran ya bar mata kayanta.

Ko tasha ba ta kai ba ya kira Mode, abokinsa tun na ƙuruciya, mai sayar da jarkoki a tsohuwar kasuwa. Aka kawo jarka arba'in da gora, aka ɗaɗɗaure, aka jera farantan a kai, aka tura cikin kududdufi. Ruwan iyakarsa ƙugu, don rani ne.

Mode ya sosa ƙeya ya ce, "Alhaji, ba cewa ta yi a jira ta ba?"

"Wa? Ɗiyar da ni na yanka ragon sunanta? Mode, jarka ce hwa da igiya, ba jirgin sama ba."

"To talalar da ta ce?"

Alhaji ya kwashe da dariya har hularsa ta karkace. "Talala! Shekara arba'in ina ɗaurin shanu. Ka ba sa doguwar igiya ya naɗe ta, ya karya ƙafa. Gajere aka ɗaurewa, tamau!"

Da kansa ya naɗe wando ya shiga ruwa, ya kafa turakun ƙarfe huɗu a gindin kududdufin, ya ja igiya ya tamke kowace kusurwa irin ɗaurin bajimin da za a kayar. Ko motsi abin ba ya yi.

Kuma jama'a, abin ya yi aiki! Mako uku firizoji na fitar da ƙanƙara. Masu babura na tsayawa kallo, Alhaji na yi masu bayani yana nuni da sanda. Har ya fara amsa sunan Injiniya. Daɗi ya kwashe shi, ya sayar da tsohon janareta, ya ce ya gama da warin fetur. Sannan ya kayar da bajimai biyar rana ɗaya, ya danƙare firizoji har murfi na ƙin rufuwa.

Ran wata Alhamis bayan azahar hadari ya taso daga gabas. Ruwan farko na damina ya sauka kamar da bakin ƙwarya, duk kwararon da ke yankin ya juyo cikin kududdufin Alhaji. Ruwa ya yi ta hawa. Jarkoki na son tashi, igiya ta ce ba inda za ku. Alhaji kuwa ya iya ɗauri, ko turke ɗaya bai tumɓuke ba.

Jarkokin ne suka gaji. Ɗaya ta zame ta fito, ta kama gabanta. Wata ta bi ta. Kafin la'asar ruwa ya rufe farantan ruf, waya ta yi tartsatsi, firizoji suka yi tsit.

Alhaji ya yar da hula zai faɗa ruwa, Mode ya cafke shi ta baya. "Wuta ce a ciki, Injiniya! Ka bar mu da asara ɗaya!"

Sai da ruwa ya ja baya aka ciro farantan, laka ta shige ko'ina, ko ɗaya bai sake kawo wuta ba. Nama kuwa bai jira kowa ba. An yi rige-rigen kai wani gidajen maƙwabta, an yi kilishi da abin da ya samu, amma bajimai biyar ba wasa ba ne. Kwana biyu wari ya kori har masu kallo. Rami aka haƙa aka binne sauran, Alhaji na tsaye yana share hawaye da bakin riga. Masu gidajen abinci suka koma wurin wani, ba su dawo ba.

Da Sadiyatu ta dawo ta ga turakun nan huɗu a tsaye ƙyam, sai ta ce, "Kawu, ruwa hawa yake yi yana sauka. Da ka ƙara wa igiyar kamu goma kacal, da farantan sun hau tare da shi."

Alhaji ya sunkuyar da kai. Yanzu ɗakin sanyin a kulle yake, shi kuma ya koma tsohon teburinsa na kasuwa, yana yanka akuya ɗaya a wuni.

Mai karatu, aza sola a kan ruwa dabara ce mai amfani, kuma muna da tafkuna da madatsun da za ta yi mana rana. Amma gwanintarka a sana'arka ba ta maishe ka gwanin ta wani ba. In mai ilmin abu ya ce ka jira, ka jira, ko da kai ka yanka ragon sunansa.