Katin Auren Fadila

Karo na huɗu ke nan Fadila ta zare harsashin tawada daga firinta, ta goge ɗan ƙarfen gindinsa da auduga, ta mayar. Injin ya yi gurnani, jar fitila ta kama, saƙon jiya ya sake fitowa: wa'adin tawada ya ƙare.

Saura kwana goma sha biyu ɗaurin aurenta, kati ko ɗaya bai fita ba. Dangin Bashir, angonta, sun aiko cewa in Alhamis ta wuce ba a raba kati ba, sai dai a ɗaga biki zuwa bayan Sallah tunda azumi ya ƙarato, don ba za su tara mutane a gurguje ba. Shi kuwa Bashir hutunsa ƙirgagge ne, ana gama biki zai ɗauke ta su wuce Fatakwal.

Gidajen buga kati sun yi yawa a Katsina. Amma shagon da take ciki na mahaifinta ne, Malam Gwadabe, wanda ya shekara talatin yana buga wa mutanen unguwar Ƙofar Sauri katin aure da na suna. Ya riga ya rantse katin 'yarsa ba zai fito daga injin wani ba, kuma kowa ya san Malam ba ya karya rantsuwa.

Tun rasuwar mahaifiyarta su biyu ne a gida, su biyu a shago. Ita ke dama masa koko, ita ke tuna masa maganin hawan jini.

Ran Talata ta sayo sabon harsashi dal a leda. Shi ma injin ya ce ya tsufa. Ta koma ta yi wa wanda ya sayar mata tas, ta dawo tana kuka. Malam ya ce ta yi haƙuri, komai da lokacinsa. Ya cinye tuwonsa kakaf, abin da rabonsa da yi tun ranar sa rana.

Ran Laraba, ba da shawararsa ba, ta kira Sule mai gyara daga unguwar Kambarawa. Suka gaisa da Malam, gaisuwa mai tsawo fiye da kima, har Malam na tambayar lafiyar babur ɗinsa.

Sule ya duba harsashi, ya duba waya, ya zauna gaban kwamfuta. A kusurwar allon akwai 'yar takardar addu'ar buɗe kasuwa da aka manna. Ya ɗaga ta da farce, ya daɗe yana kallon kwanan watan da ta rufe.

"Ƙanwata, ɗan samo mani ruwa mai sanyi," in ji shi.

Da ta fita, ya juyo ya sassauta murya.

"Baba, lafiyar tawadar nan lau. Injin daga kwamfuta yake karanta kwanan wata, ita kuma an tura ta gaba shekara biyar. Minti guda ne gyaran. Wa ke taɓa ta ban da ku biyu?"

Malam ya cire tabarau, ya goge, ya kasa mayarwa. Ya kama hannun Sule ya janye shi daga kan madannai, hawaye na bin gemunsa.

"Na san minti guda ne, ni na tura ta. Don Allah Sule, ka ce ya gagare ka. Bar mani ɗiyata mu yi azumin ga tare."