Wainar Masara da Kunya Uku

Ka ce tun farkon makon nan duk wanda ya gaishe ka sai ka ji kamar da wata manufa a gaisuwar. To, gyara zama in ba ka misalin wani manomi, sai ka auna da kanka.

Gonarsa tana iyaka da ta wata bazawara. Bayan rasuwar mijinta ta tafi birni aikatau, ta shekara shida tana girki a gidan wata likita 'yar ƙasar Venezuela. Da za ta tafi ta roƙe shi ya riƙa duba mata gonar, ya kuwa duba. Ya kore awaki, ya hana masu sarar itace. Amma a damina ta biyu ya tumɓuke gambar da ke kan iyaka ya dasa ta gaba kaɗan, kunya uku suka koma cikin tasa, ba wanda ya gani. Da matar ta dawo ta sa aka shuka mata masara, ba abin da ya fito daga bakinta sai godiya. Godiyar nan ce ta fara hana shi sakat. Ya ce a ransa, yaya mutum zai yi ta godiya haka in ba wani abu yake ɓoyewa ba?

Da masara ta nuna, wata safiya ya leƙa ta kafar dangar gidanta ya hango ta zaune da ɗanyar masara a tire. Ba gasawa take ba, ba dafawa ba. Wuƙa ta sa tana gurje ƙwayoyin, ruwansu fari yana gangaro mata a yatsu. Ta markaɗa a dutsen niƙa, ta fasa ƙwai ɗaya a ciki, ta zuba madara da ɗan sukari da gishiri, ta juya ta rufe da faifai. Can ta shafa man shanu a kasko, ta zuba ƙullin ya bazu kamar faɗin tafin hannu biyu. Da ƙasan ya yi ja ta juya, ta ɗora yankin cuku mai laushi irin wanda Fulani ke kawowa, ta ninke wainar biyu ta danne da bayan cokali. Shi dai abin da ya gani shi ne ƙwai, da fari da aka ɓoye cikin rawaya, da bakinta da ke motsi. Waƙa take yi a hankali, amma shi ya ce tofi ne. Kafin hantsi sai ga ta a ƙofar zaurensa da kwano a rufe. Ta ce wannan waina ce da ta koya a gidan aikinta, mutanen can kacapa suke ce mata, kuma da masarar farko ta gonarta ta yi, shi ya sa ta ce shi zai fara ɗanɗanawa.

Ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya, ya shige. Ƙanshin man shanu da masara ya cika zauren, yawunsa ya tsinke, amma kalmar "gonarta" ta tsaya masa a rai. Ya hana iyalinsa taɓawa. Ya zagaya bayan rumbu ya watsa wa kaji, ya tsuguna yana kallonsu har azahar. Kajin suka cinye tas, ɗaya ta koma inuwa tana gyangyaɗi kamar yadda kaji ke yi kullum, ya ce ga shi nan, sammun ya fara aiki. Bayan kwana biyu ta sake kawowa, ya haƙa rami ya binne. Daga nan ya daina bin hanyar ƙofar gidanta, ya daina shan ruwan rijiyar da take ɗiba. In ya je gona ya tarar da sawun ƙafarta kusa da gamba, sai ya tsaya yana nazarin inda ya nufa. Tuwon gidansa ma sai ya shinshina. Cikin kwana goma wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci, yana zaune gindin darbejiya da dattawan unguwa, sai ga ta da babban kwano, ta ce ta yi da yawa yau don kowa ya samu. Ta durƙusa ta gaida su, ta buɗe, ta tura kwanon gabansa tukuna, don shi ne maƙwabci. Mutumin ya zabura ya ja da baya, ya ce, "Baiwar Allah, a kan kunya uku za ki kashe ni? Ki karɓi abinki, gobe zan mayar da gambar."

Ta dube shi, ta dubi dattawan. Ta ce, "Wace kunya kuma, Malam? Ni waina na kawo."

Ashe ba ta taɓa sanin adadin kunyoyin gonar ba, mijinta ne ya sani, shi kuwa yana kabari. Washegari mai unguwa ya je da mutum biyu, aka mayar da iyaka inda take a gaban jama'a. Dattawan da suka ci wainar ranar ba wanda ko kansa ya yi ciwo. Matar ba ta kai ƙara ba, ba ta zage shi ba, amma ba ta ƙara aika masa da kwano ba, kuma a garin ba wanda ya sake ba shi ajiyar ko da tsintsiya.

Saboda haka kafin ka tuhumi masu gaishe ka, ka fara laluba naka aljihun. Hausawa sun ce, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.