Direban da Ya Ƙi Saukar da Kumbonsa

Ka ce kullum kana bi ta ƙofar gidan kawunka in za ka ofis, har ka ga an sake fentin ƙyaure, saboda haka zumunci bai yanke ba. To ajiye makullin motar nan, Haladu, in ba ka wani misali.

An yi wani direban tirela da ya shekara talatin a kan titi, har idonsa ya fara hazo aka ce ya huta. 'Yarsa ta ga zaman banza zai kwantar da shi, sai ta sa masa wani wasa a kwamfutarta: ka harhaɗa kumbo, ka harba shi sama, ka tuƙa shi zuwa duniyar wata, ka sauka. Tsoho ya fara da tsaki, ya ƙare tuwonsa na hucewa a kwano. Kafin damina ta fita ya iya kai kumbon kusa da wata, nan ya gano abin da ya sace masa zuciya. In ka sami daidai gudu da daidai nisa, sai ka kashe inji, kumbo ya yi ta kewaya wata da kansa, ba shan mai, ba taka birki. Bayan la'asar sai ya shimfiɗa tabarma a zaure ya zuba ido. Ƙasar wata na wucewa a ƙarƙashinsa sannu a hankali, fari-fari kamar tokar murhu, ga ramuka manya da ƙanana, ga duwatsu masu dogayen inuwoyi. Ya shiga bayan wata duhu ya rufe shi, ya fito ya ga duniyarmu ta ɓullo can nesa, shuɗiya, ba ta fi goruba girma ba. Har sunayen tashoshin da ya sani ya raɗa wa ramukan. Amma sauka, a'a. Sau ɗaya ya gwada, ya yi raga-raga da kumbon, kunya ta kama shi, daga nan ya ce ai kallo daga sama ya fi daɗi.

Wannan hali ba a wasa ya koye shi ba. Yana da yaya mace, wadda ta goye shi bayan rasuwar uwarsu, tana aure a wani ƙauye dab da babban titi. Ranar da ya bar gida ya yi mata alkawarin ba zai dawo ba sai da motar kansa. Motar ba ta samu ba, shi kuma girman kai bai bar shi ya shiga da ta wani ba. Sai ya zama duk sanda ya zo mararrabar ƙauyen, ya hango rimin ƙofar gidanta, ya danna hon sau biyu ya wuce. A ransa ya gaishe ta ke nan.

Ran nan 'yar ta gaji da ganin kumbo na ta kewaye kamar jakin da aka ɗaure a turke. Ta zauna ta nuna masa cewa mai son sauka sai ya juya kumbon, ya ba inda ya nufa baya, ya kunna inji ya yi ta ƙona mai yana kashe gudunsa da kansa. Ta ce, "Baba, gudun da ya kawo ka shi ne ya hana ka sauka." Ya bi abin da ta faɗa. Ramukan da ya saba gani ƙanana suka yi ta buɗewa, inuwar kumbon ta taso daga ƙasa tana tarye shi, har ƙafafu suka taɓa, 'yar ƙura ta tashi ta kwanta. Murna ya zata zai ji, sai ya ji baƙin ciki, don yayarsa ce ta faɗo masa a rai.

Washegari ya shiga motar haya, ya sauka a mararraba, ya ƙarasa a ƙafa hannu rabbana. Ya sami yayar tasa a gindin rimin tana ɓarar gyaɗa, ta tsufa tukuf, hankalin ya tafi ya bar jiki. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya faɗi sunansa har sau uku. Ta yi masa maraba irin ta baƙo, ta sa aka kawo ruwa, ta ba shi labarin cewa ita ma tana da ƙane direba, sai dai shi ba ya tsayawa. Suna cikin haka wata babbar mota ta danna hon a titi. Tsohuwa ta ɗaga kai, fuskarta ta washe, ta ce, "Ka ji shi can ya wuce. Allah ya kai shi lafiya." Shi kuwa yana zaune gwiwarsa na taɓa tata, hawaye na bin gemunsa.

A wasa in ka faɗi sai ka sake harba wani kumbon, Haladu, amma mutane ba a sake su. Kawunka na nan da hankalinsa, ɗauki makullinka ka je ka yi sallama. Hausawa sun riga sun gama magana: hangen Dala ba shiga birni ba ne.